Hanya Lafiya, Amma Gidan Wa Za Ka Sauka?

Ƙannena na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, akwai tambayar da kuka tashi kuna ji tun kafin ku iya karya hula ko ɗaura ɗankwali. Duk wanda zai bi hanyar Sheme zuwa 'Yankara, ko ya tashi daga Sabuwa ya nufi Ɗandume, ba ya saka ƙafa a mota sai ya tambayi direban da ya shigo yanzu: hanya lafiya? Halin da muka samu kanmu a ciki shi ya koya mana wannan tambayar, kuma ta ceci rayuka da yawa. Sai dai kun san amsarta ba ta ƙare magana. Hanya tana iya zama lafiya ƙalau, mota ta kai ka har tasha, sannan ka sauka a hannun wanda bai kamata ka sauka a hannunsa ba. Wannan ne abin da nake so mu tattauna, amma a kan wayar da ke aljihunku.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro ɗan 'yar'uwata. Bara ya shigo da murna, ya ce an turo a zaurensu na WhatsApp cewa ana raba tallafi ga matasan yankunan da matsalar tsaro ta shafa, kuma har ya cike. Na ce ya nuna mini. Ya buɗe shafin, ga tambarin gwamnati a sama, ga launin kore da fari, ga hoton wani babban mutum yana murmushi. Na tambaye shi me ya rubuta a ciki. Ya ce sunansa, da lambar BVN, da lambobin da ke jikin katin ATM gaba da baya, sannan aka turo masa wata lamba ta saƙon tes aka ce ya saka, ya saka. Na ce, “Kai ɗana, ba ka ji tsoro ba?” Ya ce, “Kawu, ai na duba, akwai kwaɗo a sama. A makaranta an ce mana in akwai kwaɗo to shafin na gaskiya ne.” Kafin la'asar 'yan kuɗin da ya tara daga aikin girbin masara sun bar asusunsa. Bai yi wauta ba. Abin da aka koya masa ya yi aiki da shi, kuma abin da aka koya masa rabin gaskiya ne.

Bari in faɗa muku aikin kwaɗon nan. Idan ka buɗe burauza, ko Chrome ce ko Opera ko Phoenix ɗin da ke zuwa a wayoyi da yawa na kasuwarmu, ka rubuta wani abu a shafi ka tura, saƙon ba ya tashi tsaye zuwa inda za shi. Yana bi ta ƙarfen sabis na garinku, ya shiga layukan kamfanin waya, ya gangara Legas, sau da yawa ya shiga wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kafin ya isa wata kwamfuta a wata ƙasa. A da, duk wanda ke zaune a kan wannan hanya yana iya karanta abin da ka rubuta kamar wasiƙar da ba a liƙe ambulan ɗinta ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Netscape na Amurka ya fito da dabarar cakuɗa saƙo ta yadda babu mai iya warware shi sai wayarka da kwamfutar da ke can ƙarshen hanya. Harafin s da ke ƙarshen https shi ne shaidar ana amfani da dabarar, kwaɗon kuma hotonta ne da aka zana don wanda ba ya son karanta haruffa. Iyakar abin da kwaɗo yake faɗa ke nan: hanya lafiya, babu mai leƙa kayanka tsakanin nan da can. Wanene yake can ƙarshen hanya yana jiran kayan, wannan kwaɗo bai taɓa cewa ya sani ba.

Abin da ya sa malamai suka riƙa koyar da cewa kwaɗo shaidar gaskiya ce, akwai lokacin da maganar take kusa da daidai. A lokacin, takardar shaidar da ake buƙata kafin kwaɗo ya bayyana a shafi yawanci kuɗi ake biya a same ta, da wahala, don haka bankuna da manyan kamfanoni ne suka fi mallakarta. A ƙarshen 2015 wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka ta fara bayar da irin wannan takarda kyauta ƙarƙashin sunan Let's Encrypt. Na'ura ce ke bayarwa cikin 'yan mintuna, kuma abu ɗaya take dubawa: shin wannan adireshin a hannunka yake? Ba ta tambayar sunanka, ba ta tambayar sana'arka. Wannan alheri ne babba ga duniya, don ya sa kusan kowane shafi ya samu kariya a hanya, har shafin ƙaramar makaranta da na ɗan jarida mai zaman kansa. Amma ƙofar da malami ya bi ya karɓa, ita ɗan damfara ya bi ya karɓi tasa. A 2019 hukumar FBI ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a da kada su amince da shafi don kawai sun ga kwaɗo. Shi kansa Google ya bayyana cewa a binciken da ya yi a 2021, kashi 11 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anar kwaɗon. Ku lura, yawancin mutanen da ke amfani da intanet kullum irin fahimtar ɗan 'yar'uwata suke da ita. Saboda haka a Satumba 2023 kamfanin ya cire kwaɗon daga Chrome, ya maye gurbinsa da wata alama mai layi biyu da 'yan ƙananan da'irori. Wanda ya zana kwaɗon a goshin wayarka ya goge shi da hannunsa don ya ga kallon kitse ake yi wa rogo. A wasu burauzojin da tsofaffin wayoyi har yanzu yana nan, shi ya sa maganar ba ta tsufa ba.

To me za ka duba? Adireshi. Kuma a nan ku 'yan makarantar allo kun fi kowa sa'a, don adireshin intanet irin karatun allo ake yi masa, daga dama zuwa hagu. Bayan https da 'yan sandunan nan biyu da ke binsa, ka bi rubutun har ka iske sanda ta farko mai karkata. Ka tsaya a nan, ka juyo baya. Abin da ke daf da sandar shi ne sunan mai gidan. Duk abin da ke can hagu, mai gidan ne ya rubuta shi da kansa, kuma yana iya rubuta abin da ya ga dama. Adireshin hukumar jarabawar shiga manyan makarantu yana ƙarewa da jamb.gov.ng. Na asusun bayar da rancen karatu, wanda ya buɗe shafinsa a Mayu 2024, yana ƙarewa da nelf.gov.ng. Wutsiyar nan ta gov.ng ba a sayar da ita a kasuwa, hukumar NITDA ce ke tantance ma'aikatun gwamnati kafin su samu. Yanzu ga misalin da na ƙaga don ku gani: jamb.gov.ng.tallafin-matasa.xyz. Ido yana faɗawa kan farkon ya ga sunan da ya sani, zuciya ta kwanta. Amma ka karanta daga dama. Mai gidan shi ne tallafin-matasa.xyz, sunan hukumar kuwa allo ne kawai ya rataya a ƙofar zaurensa. Wani kuma zai sauya harafi ɗaya, ya sa sifiri a gurbin o, ko lamba 1 a gurbin l, abin da ido ba ya kamawa a kan ƙaramin gilashin da ya tsattsage. Ga kuma matsalar waya: gurbin adireshi gajere ne, yana yanke rubutu, kuma idan daga cikin Facebook ka danna, shafin yana buɗewa a cikin manhajar inda adireshin ke ƙara ƙanƙancewa. Ka taɓa gurbin da yatsa, ka ja shi har ka ga wutsiyarsa. Mu da muka ga mutane sanye da kaki sun tare hanya alhali ba jami'ai ba ne, bai kamata tambari da launin tuta a kan shafi su ishe mu shaida ba.

Yanzu zan zo kan wurin da abin ya fi rikitarwa, wanda ko masu karatun kwamfuta yana kayar da su, wato gajimare. Kuna jin ana cewa hotuna suna gajimare, lambobin waya suna gajimare. Babu wani gajimare. Rumbu ne na wani, cike da kwamfutoci, a cikin gini mai sanyi da masu gadi. Microsoft ya buɗe irin waɗannan rumbuna a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe nasa a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. A Legas akwai na kamfanoni irin su Rack Centre, a Abuja gwamnati tana da Galaxy Backbone. Waɗannan kamfanoni suna bayar da hayar ɗaki a rumbunsu ga duk wanda ya zo, wani lokaci ma kyauta. Kuma a nan ne gizo ke saƙar. Ɗan damfara zai buɗe fom a Google Forms cikin minti biyar. Adireshin zai ƙare da google.com ko ya fara da forms.gle. Takardar shaidar ta Google ce ta gaske, kariyar hanya ta gaske ce, ka karanta daga dama ka ga suna mai daraja. Komai daidai, sai dai wanda ke karɓar amsoshinka ɗan haya ne, ba mai rumbun ba. Kamar kasuwar Sheme ce: kasuwar ta gari ce, kowa ya san ta, amma kasancewar mutum yana tsaye a cikinta da igiya a hannu bai zama shaidar cewa san da yake sayarwa nasa ne ba. Sai an nemi dillalin da ya san shi.

Abin da mutane ba sa lura da shi, Google yana faɗin wannan da bakinsa a kan shafin. Ka gangara ƙasan fom ɗin za ka ga ƙananan rubutu da Turanci. Ɗaya yana cewa kada ka taɓa tura kalmar sirri ta wannan fom. Wani, a fom ɗin da mutum ya buɗe da asusunsa na kansa, yana cewa abin da ke ciki ba Google ya rubuta ba kuma bai tsaya masa ba. Akwai ma wurin kai ƙara. Gargaɗin yana nan, amma da ƙananan haruffa, a ƙasan shafi, cikin harshen da iyayenmu da yawa ba sa karantawa, kuma a daidai lokacin da zuciyar mutum take kan dubu hamsin ɗin da aka yi masa alkawari. Wannan abu yana ci mini rai. Kamfanonin da suke samun miliyoyin masu jin Hausa a kan manhajojinsu ya kamata su sa irin wannan gargaɗi da Hausa mai kyau, da manyan haruffa, a saman shafi inda ido ke fara sauka. Kafin su yi, ku ne tafintocin gidajenku.

Ban ce duk fom ɗin Google damfara ba ne. Makarantu suna amfani da shi, ƙungiyoyin agaji suna amfani da shi, ƙungiyar ɗaliban garinku ma tana iya tattara sunaye da shi. Ma'aunin shi ne abin da aka tambaye ka. Suna da gari da matakin karatu, wannan da sauƙi. Lambar sirrin ATM, lambobi uku na bayan kati, kalmar sirrin imel, da lambar nan da banki ke turowa ta tes wadda ke mutuwa bayan 'yan mintuna, waɗannan babu hukuma ko banki ko ƙungiyar agaji da ke da hurumin tambayarsu, ko a fom ko a waya ko ido da ido. Mai son ya ba ka kuɗi lambar asusunka kawai yake buƙata. Wanda ya nemi abin da ake cire kuɗi da shi, cirewa zai yi. Haka lambar nan mai guda shida ta WhatsApp: duk wanda ya kira ya ce an saka ka a taron ƙungiya ta intanet, ka karanto masa lambar da ta shigo, layinka yake son ƙwacewa, ya koma yana roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka da hotonka.

Kuma ko shafi na mai shi ne na gaske, da ofis da ma'aikata da talla a ko'ina, burauza ba ta auna amana. MMM, mai alkawarin ninka kuɗi, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, irinta CBEX ta ruguje a Afrilu 2025 da dukiyar jama'a mai yawa. Waɗanda suka zuba kuɗi ba shafin bogi suka shiga ba, shafin masu abin suka shiga, hanya kuma lafiya ƙalau ta kai kuɗinsu inda suka tura. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda ba tare da noma ko kiwo ko fatauci ba, babu alamar da za ta fito a goshin waya ta yi maka hukunci a kansa. Hankalin da Allah Ya ba ka ne zai yi.

Akwai kuma ɗaya gefen, wato gargaɗin da burauza ke yi mana mu ƙi ji. Tun Yuli 2018 Chrome yake rubuta Not secure a gefen adireshin duk shafin da ba shi da kariyar hanya. In karatu kawai kake yi a irin wannan shafi, da sauƙi, amma kada ka rubuta komai naka a ciki. Wani lokaci gilashin gaba ɗaya zai rine ja, da gargaɗin cewa shafin da ke gaba na yaudara ne. Wannan yana fitowa ne daga jerin miyagun shafuka da Google ke tarawa, kuma in ka gan shi ka juya kawai, ko wa ya turo maka. Sai dai rashin ganin jan allo ba wanke shafi ba ne, don wanda aka buɗe da asubahin yau mai yiwuwa bai shiga jerin ba tukuna. Na uku shi ne allon da ke cewa sadarwarka ba ta sirri ba ce, da wani ɗan maɓalli a ƙasa da ke ba ka damar ci gaba a kan kanka. Na ga matasa da yawa sun haddace wurin wannan maɓalli, suna danna shi kamar mai kore ƙuda. A garuruwanmu akwai dalili na musamman da ke kawo wannan allo. Wuta ba ta zama, waya takan mutu ta kwana biyu kafin a kai ta wurin mai caji, wasu wayoyin kuma in an cire batir sai agogonsu ya koma wata tsohuwar shekara. Takardar shaidar shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, wasu ma kwana 90 kawai suke yi. In kwanan watan wayarka ya kauce, sai ta ga kowace takarda kamar ta jabu. Saboda haka ka fara duba agogo da kwanan wata. In ka gyara gargaɗin ya tafi, shi ke nan. In suna daidai kuma gargaɗin yana nan, musamman a kan Wi-Fi na kafe ko na wani wuri da ba ka sani ba, to ka tsaya. A 2011 an kutsa cikin wani kamfanin bayar da takardun shaida na ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka buga takardar jabu da sunan Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen saƙonnin mutane kusan 300,000 a Iran. Abin da ya tona asirin shi ne wani mai amfani da Chrome da ya ga gargaɗi, bai danna ya wuce ba, ya tsaya ya tambaya.

Wata 'yar magana kan Opera Mini, tunda da yawanku ita kuke so saboda tana tattalin data. Yadda take tattalin, a matakinta mafi tsanani, shi ne shafin yana fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, a buɗe shi a can, a matse shi, sannan a miƙo maka. Don karanta labarai da sakamakon ƙwallo wannan dabara ce mai kyau. Don harkar kuɗi kuwa, gara manhajar bankin kanta wadda ka sauke daga Play Store, ko burauzar da ke kai ka kai tsaye.

Kada wannan duka ya sa ku tsani gajimare. Mu mun fi kowa sanin amfaninsa da kuma iyakarsa. A Satumba 2021 aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu uku, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido da shi. Kun tuna yadda mutum zai biya kuɗin mota zuwa Katsina ko Zariya don kawai ya duba imel ko ya tura kuɗi. A lokacin duk abin da ka ajiye a rumbun wani ya zama kamar hatsin da ke ƙetaren kogi da damina. A Maris 2024 ma, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har mutanen Legas da Abuja sun ɗanɗana irin wannan, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. Amma kuma na san iyalan da suka baro ƙauye da kayan jikinsu kawai, takardu suka ƙone ko suka salwanta, sai hoton sakamakon jarabawa da takardar haihuwa da wani yaro ya taɓa ɗauka ya ajiye a imel ɗinsa ya zama shi ne abin da aka dogara da shi wajen neman wasu. Don haka ku ajiye a wuri biyu: a gajimare, da kuma a hannu, a takarda cikin leda ko a katin memori.

Sai dai wanda ya ajiye a rumbun wani, ya san wa ke riƙe da mabuɗi. Yawancinku imel ɗinku na farko a kafe aka buɗe muku shi ranar rajistar jarabawa. Mai kafe ne ya zaɓi sunan, shi ya zaɓi kalmar sirri, wataƙila ma lambar wayarsa ya saka a matsayin ta farfaɗo da asusu, don layi ya yi tsawo yana sauri. Yawancinsu ba da mugun nufi suke yi ba, mutanen kirki ne masu taimakon yara. Amma wannan imel ɗin shi ne zai riƙe maganar gurbin karatunka, da rancen karatu, da hotunanka, da lambobin mutanenka, shekara da shekaru. Ranar da ka dawo gida ka canza kalmar sirrin, ka saka lambar wayarka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A cikin saitin asusun Google, ɓangaren tsaro, akwai shafin da ke jera duk na'urorin da asusunka yake buɗe a kansu. Ka shiga ka gani. Da na sa ɗalibaina suka duba, wasu sun iske asusunsu a buɗe a kan kwamfutar da suka zauna gabanta sau ɗaya shekara biyu da suka wuce. Daga nan inda kake za ka iya fitar da ita.

'Yan mata, ƙannena, wannan ya fi shafarku. Wayoyi da yawa suna kwafe duk hoton da aka ɗauka zuwa gajimare ba tare da an tambaye ku kowane lokaci ba. Ki goge hoto a waya, yana iya kasancewa yana can. Wanda ya san kalmar sirrinki, ko saurayi ne ko ƙawa ko mai gyaran waya, yana iya ganinsa daga ko'ina. Soyayya ba ta buƙatar kalmar sirri. In wani ya riga ya samu abin da yake yi miki barazana da shi, kada ki biya shi kuma kada ki yi shiru ke kaɗai. Ki faɗa wa babbar da kika amince da ita. Abin da yake yi laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kuma shirunki shi ne jarinsa.

Akwai wani abu kuma da ban cika jin ana faɗa ba, alhali a yankinmu yana iya zama maganar rai. Idan ka ɗora takarda a Google Drive za ka raba, ana ba ka zaɓi: ko mutanen da ka ambata kaɗai su gani, ko duk wanda ya samu adireshin. Zaɓin yana nan rubuce a gabanka, kuma yawanci na biyun ake dannawa don ya fi sauƙi. To ka yi tunanin takardar jerin sunayen waɗanda suka ba da gudummawar tsaron gari ce, da adadin abin da kowa ya bayar. Ko sunayen 'yan sintiri da lambobinsu, ko jerin manoman da suka karɓi kuɗin amfanin gona. An tura a zaure mai mutum ɗari biyu, wani ya tura wani zauren, daga nan babu wanda ya san inda ta kwana. Kun san abin da infoma yake nema, ba sai na faɗa ba. Ku da kuke sakatarorin ƙungiyoyin unguwa don kun iya waya, amanar mutane ce a hannunku. Irin wannan takarda a taƙaita ta ga mutum uku ko huɗu da sunayensu, wata ma kada ta hau intanet sam.

Wasunku suna ƙananan azuzuwa a Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, Allah Ya maido su. Duk da abin da kuka gani ba ku bar karatu ba, yanzu ku ne ke cike fom ɗin jami'a da na kwalejin ilimi da na aikin ɗamara. Ina ganin ƙoƙarinku, shi ya sa nake baƙin ciki in ga wani da ke zaune a ɗaki mai nisa ya ci guminku da shafin da ya haɗa cikin rabin awa. Ya san kuna neman mafita, ya san tallafi da gurbin aiki su ne kalmomin da ke sa hannu rawa, shi ya sa kullum saƙonsa yake cewa yau za a rufe, a tura wa zaure biyar kafin a ci gaba. Hukumar gaskiya ba ta sa ka tallata ta a WhatsApp kafin ta karɓi takardarka.

In kuwa abin ya riga ya faru, mintunan farko su ne masu tsada. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu ko kati, har daga wayar wani. Ka nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda ka ajiye, don ranar da za ka buƙace ta hankalinka ba zai kasance a kwance ba. Ka rufe, ka canza kalmar sirrin imel, ka je reshen banki mafi kusa, ko Funtuwa ne ko Malumfashi, da saƙonnin alat ɗin a wayarka, ka shigar da ƙorafi a rubuce. Sannan ka koma zauren da aka turo saƙon ka faɗa a fili cewa na damfara ne. Ɗan 'yar'uwata ya yi kwana biyu yana jin kunyar yin haka. Da ya daure ya rubuta, mutum huɗu suka biyo shi ta gefe suka ce su ma sun cike, wani kuma ya ce yana tsakiyar cikewa ya ga saƙon, ya kai kan lambobin bayan kati ya tsaya. Kuɗin yaron ba su dawo ba. Amma ranar kasuwar da ta biyo baya na gan shi a rumfar mai POS, wani dattijo ya miƙo masa waya ya duba masa wani saƙo, ya sa yatsa a kan adireshin yana jan shi a hankali zuwa wutsiya, yana cewa, “Baba, bari mu ga gidan wane ne tukuna.”